A karanta takardar bashi kafin a dangwala yatsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku domin in yi magana a kan yadda mutanenmu a nan Garwa suke sa hannu a takardar bashi ba tare da sun san abin da ke cikinta ba. Ban ɗauki cin bashi abin kunya ba, domin bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma manoman auduga na wannan yanki sun daɗe suna karɓar taki da maganin feshi bashi daga kamfanin auduga na SODECOTON, a cire kuɗin bayan an yi awo. Abin da ya sami ƙanena bara, wanda ya shafe ni kai tsaye, shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Ƙanen nawa tela ne a babbar kasuwa, kuma ana saura wata biyu azumi ya ƙudura sayen keken surfani mai amfani da lantarki domin ya ci kasuwar Sallah. Ya je wani ƙaramin banki aka amince a ba shi sefa 500,000, ya biya cikin wata 12 da ruwa kashi 3 cikin 100 a kowane wata. Da ya zo neman in tsaya masa, abin da ya ce da ni shi ne, "Yaya, uku ne kawai a cikin ɗari." Takardar shafi huɗu ce da Faransanci, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero, shi kuwa karatun allo ya yi. Ni da nake iya karanta ta, kunyar ma'aikacin da ke jiranmu da biro a hannu ta hana ni, na rubuta abin da aka ce in rubuta, na sa hannu, muka fito.

Sai da abu ya ɓaci na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Ashe ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake ɗora shi har wata na ƙarshe, ko da an biya rabi, wato sefa 15,000 sau 12, jimla 180,000, ban da kuɗin buɗe fayil da na inshora da aka zare tun kafin kuɗin su shiga hannunsa. Da a ce a kan abin da ya rage ake lissafa ruwan, da kusan 100,000 ne kawai. Duka hanyoyin biyu "uku cikin ɗari" ake kiransu a baki, alhali tsakaninsu akwai kusan buhun shinkafa uku. Dokar CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya da Kamaru take ciki, ta wajabta wa mai ba da bashi ya rubuta abin da ake kira TEG, wato ainihin tsadar bashin a shekara idan an haɗa ruwa da sauran kuɗaɗe, amma ban taɓa ganin ɗan kasuwarmu ya tambayi wannan adadi ba.

Lissafin ƙanena ya kafu ne a kan cinikin Sallah, ya manta cewa shekara ba Sallah ce kaɗai ba. Da zafi ya tsananta, ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da ke samar mana da lantarki, aka shiga ɗauke wuta, keken ya riƙa wuni a rufe. Da ya kasa biya wata biyu a jere, takarda ta iso ƙofata. A nan na fahimci cewa a ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru da Chadi duka suke aiki da ita, wanda ya tsaya wa wani ana ɗaukarsa tamkar shi ya ci bashin, sai fa idan an rubuta akasin haka a yarjejeniyar. Ita wannan doka ta ce dole mai tsayawa ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya lamunta, da lambobi da kuma kalmomi, wanda bai iya rubutu ba kuwa sai an kawo shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa nauyin da ya ɗauka. An tanadi wannan ne domin mutum ya tsaya ya yi tunani, ni kuma na mayar da shi cika ƙa'ida.

Ba ni da ilimin shiga maganar riba, malamai sun yi bayaninta kuma hukuncinta ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa da shaidunsa take, kuma ta ce wanda ake bi shi ne zai yi shifta. Mu kuwa mun bar wa mai ba da kuɗi ya rubuta abin da ya ga dama. Da ƙanena ya yi haƙuri da adashin da yake zubawa tare da teloli 'yan'uwansa, da kwasarsa ta zo bayan wata biyar, ya sayi keken ba tare da ƙarin ko sefa ɗaya ba, sai dai Sallar bara ta wuce shi.

Roƙona ga jaridarku shi ne ku nemi masanin shari'a ya fassara wa masu karatu kalmomin da ke cikin irin waɗannan takardu zuwa Hausa, musamman na jingina, da tarar jinkiri, da tsayawa, domin a riƙa karanta wa waɗanda ba su yi boko ba. Ni dai na biya wata huɗu daga albashina, saura biyu, kuma mahaifiyarmu ce take ta ƙoƙarin ganin mun koma cin tuwo a kwano ɗaya ni da ƙanen nawa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Mai karatunku,
Daga unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru