Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu gyaran Wikipedia Hausa a Jos: aikin kifin shak

Assalamu alaikum 'yan uwa, malamanmu da ƙannenmu ɗalibai da yayyenmu mata da ke cikin tafiyar nan. Ga rahoton bana, ofishin sakatare ne ya haɗa shi, shugaba ya duba kafin a turo muku.

Kun dai tuna a zaman ƙarshen bara aka ce mu daina kowa ya kama gabansa, mu ɗauki fanni ɗaya mu tsaya a kai har shekara ta zagayo, aka kaɗa ƙuri'a kifin shak ya ci. Wasu har yau suna tsokana, wai mutanen kan dutse da teku ke can Legas da Fatakwal me ya haɗa su da shak. To abin da ya haɗa mu shi ne yaron da zai buɗe waya a Unguwar Rogo ko Gangare yana neman bayani da Hausa, ya tarar da layi uku, ko doguwar maƙala da aka zubo daga fassarar inji wadda ko mai ita ba zai gane ba.

Shi ya sa bana ba mu yi tseren yawan sababbin maƙaloli ba, gyara muka sa a gaba, kuma gaskiya ni a ganina wannan ne mafi alherin abin da muka yi. Babbar maƙalar shak aka fara rushewa aka sake ginawa. Yanzu mai karatu zai samu cewa nau'insa ya haura 500, cewa ƙwarangwal ɗinsa guringuntsi ne ba ƙashi ba, kuma kakanninsa suna cikin teku sama da shekara miliyan 400. An raba bayanin Rhincodon typus, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya amma ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya ci, da na wani ɗan mitsitsin shak da bai wuce santimita 20 ba. An kuma faɗaɗa ta Carcharhinus leucas mai shiga ruwan daɗi, wanda ake samu a kogin Zambezi da tafkin Nikaraguwa, ita ce ma ta fi jan hankalin sababbin shiga.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne shak ɗin Girinlan. Wani ɗan uwa ya zo da zancen da ke yawo a Facebook cewa an kama mai shekara 512, ya dage a sa haka tunda kowa ya gani, malam ɗaya daga cikinmu mai koyar da ilimin halittu ya ce sam sai an buɗe binciken kansa, aka zauna aka buɗe, na 2016 ne a mujallar Science, kuma abin da suka ce shi ne babbar macen da suka auna an ƙiyasta mata kusan shekara 392, amma lissafin na iya sauka zuwa 272 ko ya hau zuwa 512. Kenan 512 ɗin can ƙarshen ƙiyasi ne, ba shekarun da aka tabbatar ba. Haka muka rubuta, da lambobin uku duka. Daga ranar aka sa doka, ba a saka adadi sai mutum biyu sun ga madogarar da idonsu.

Dokar ta yi amfani a sashen barazanar ƙarewa. Binciken mujallar Nature na 2021 ya ce yawan shak da danginsa masu faɗin jiki na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 cikin ɗari tun 1970, na tsakiyar teku fa, ba duk shak ba, mun gyara wannan a wurare da dama. An sa ƙiyasin 2013 na cewa mutane na kashe kusan shak miliyan 100 a shekara, da kamun da ake yi don fiffikensa da ake miya da shi a Asiya, da wanda raga ke kwasowa ba da niyya ba. An ƙara matakin taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Panama a Nuwamban 2022 da ya sa ido kan cinikin nau'o'i da yawa. Shak mai kan guduma, Sphyrna lewini, da ke ruwan Afirka ta Yamma, ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sa shi a jerin masu dab da ƙarewa, wannan ma ya shiga. Duk wata jimla mai kiran shak dodon teku mun cire ta, don mutanen da yake kashewa a duk duniya a shekara yawanci ba su wuce goma ba.

Hotuna sun ba mu ciwon kai. An ɗora wasu da aka kwaso daga intanet ba lasisi, aka goge su, don Allah a tsaya a na Wikimedia Commons, rumbun hotuna masu lasisin kyauta. Akwatin bayani da haɗa maƙala da rumbun bayanai na Wikidata kuwa yayyenmu mata ne suka riƙe, sun yi ƙoƙari wallahi, Allah ya saka.

Kuɗi: gudummawar wata-wata ta tafi a data da man janareta da ɗan shayi da burodi na zaman lokacin sanyi, ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a zama. Wuta da netwok sun sa an ɗage zama fiye da sau ɗaya, kuma lokacin jarrabawa ɗalibai sun ɓace mana gaba ɗaya, sai a yi jadawalin baɗi da wannan a rai.

Abin da ya rage: maƙalar megalodon, ƙaton shak ɗin da ya ƙare kusan shekara miliyan 3.6 da suka wuce, har yanzu rabi ce, ta babban farin shak kuma tana jiran madogara. Akwai shawarar baɗi mu koma kan kifayenmu na gida, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, wasu kuma sun ce a ƙarasa shak tukuna. Za a kaɗa ƙuri'a a zama mai zuwa bayan la'asar, mai laptop ya zo da ita a cike da caji, wanda ake bin sa gudummawa kuma ya ga ma'aji kafin a fara.

Sakatare