Ɗiyata tana karatu ba gargada, amma ba ta iya tsamo muhimmin bayani

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne daga Unguwar Rimi a nan Kaduna game da ɗiyata da ke aji shida na firamare, wadda muke shirya wa jarrabawar shiga makarantun sakandaren tarayya da hukumar NECO ke gudanarwa, da fatan ta samu gurbi a kwalejin tarayya da ke Malali.

Yarinyar tana karanta Hausa da Turanci ba gargada, kuma Allah Ya hore mata hadda, har malamanta na Islamiyya suna yaba mata. Matsalar tana ɓullowa ne a darasin auna fahimta. Idan aka ba ta labari aka tambaye ta dalilin da ya sa manomi ya yi asarar amfanin gonarsa, sai ta nemo inda kalmar manomi ta fito, ta kwafe sakin layin gaba ɗaya. Da na ce ta riƙa jan layi da fensir a ƙarƙashin abin da ya fi muhimmanci, sai ta ja wa kusan kowace jimla, domin a wurinta duk abin da aka buga a littafi darajarsa ɗaya. Haka take yi a lissafin da aka rubuta da kalmomi: kowace lamba ta gani sai ta yi aiki da ita, ko da tambayar ba ta buƙace ta ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan muka saurari labarun Rediyon Tarayya Kaduna, takan faɗa wa mahaifinta abin da ya faru, da inda ya faru, da wanda abin ya shafa, cikin jimla biyu kacal. Ashe basirar tana nan. A ganina, yawan kwafar rubutu daga allo ba tare da an tambaye su ma'anarsa ba ne ya sabar mata da ɗabi'ar kwafe komai, ko da yake ba na ɗora wa malamai laifi, ganin yawan ɗaliban da ke aji ɗaya.

Malama, shin in fara horar da ita da Hausa kafin mu koma Turancin da za ta rubuta jarrabawar da shi, ko hakan ɓata lokaci ne? Kuma daidai ne ta fara karanta tambayoyi kafin labarin, ko hakan zai ƙara mata ɗabi'ar farautar kalma? Ina kuma neman hanyar da zan riƙa gyara mata ba tare da na kashe mata gwiwa ba, domin ta fara gudun littafin.

Allah Ya saka miki da alheri.

Wassalam,
Wata uwa daga Unguwar Rimi, Kaduna