Takardar Koke Kan Halin Da Masu Ɗaukar Hoton Eksire Ke Ciki

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu iyalan ma'aikatan ɗakin hoto na babban asibitinmu, da majinyatan da suka bi ta hannunsu, mun kawo kukanmu gaban uba.

Ranka ya daɗe, majinyaci yakan shiga ɗakin hoto ya fita cikin mintuna. Mai ɗaukar hoton kuwa nan yake wuni, shekara da shekaru. Hasken eksire ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, amma illarsa taruwa take yi har ta kai ga yanar ido ko ciwon daji. Bayan da masanin kimiyya Bajamushe Röntgen ya gano hasken a 1895, da yawa cikin ma'aikatan farko sun rasa yatsu, wasu ma rayukansu, kafin a san haɗarinsa.

Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce kada hasken da ma'aikaci ke sha ya wuce milisibat 20 (milisibat shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha) a shekara idan aka raba jimillar shekara 5, kuma kada ya haura 50 a shekara guda. To ta yaya za a sani in ba a auna ba? Akwai ɗan bajo da ake maƙalawa a ƙirji don wannan awon, ana karanta shi duk wata ko duk wata uku. Namu wasu ba su da shi. Masu shi ma yana rataye ne kawai, ba a kai shi karatu. Wannan ne ya fi hana mu barci, domin mutum na iya wuce ƙa'ida bai sani ba.

Rigunan dalma da ake sawa don kare jiki daga hasken sun tsattsage saboda yawan ninkewa. Ƙarancin ma'aikata ya sa wanda ya kwana kan aiki shi ke wayar gari a kai. Mace mai juna biyu, wadda bai kamata ɗan cikinta ya sha fiye da milisibat 1 ba, ba a sauya mata wurin aiki.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa baki wajen hukumar asibitin, a ba kowa bajonsa, a riƙa karantawa a kan lokaci, a nuna masa sakamakon a rubuce. A sauya rigunan, a turo ƙwararre ya auna ko hasken na ratsa bango da ƙofar ɗakin, a ɗauki ƙarin ma'aikata.

Allah ya taimaki Sarki.

Masu biyayya,
Iyalan ma'aikatan ɗakin hoto da majinyata