Labarin tsohon mashin ɗinka da kafireto

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Kumasi, ya iyali, ya kasuwa? Fatan kowa lafiya. Nan Kano dai sai godiya, zafi ne kawai ke gasa mu, su Hajiya duk suna gaishe ka.

Toh kan maganar CG 125 ɗinka da ka bar min amana ne na ce bari in zauna in rubuto maka, don ta waya kati zai ƙare ban gama ba. Wata biyu da suka wuce ya fara min wani hali, duk safiya in na fito zaure sai in tarar da ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashinsa, warin fetur har cikin gida, uwargida tana ta faɗa wai zan babbake su. Kai ka san tun da aka cire tallafin mai a 2023 ko ɗigo ɗaya ka ga ya zuba a ƙasa sai ka ji har cikin ranka. Ga baƙin hayaƙi a salansa, fulogi kuma in na kwance sai in gan shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Na kai wajen wani bakanike, ko buɗewa bai yi ba ya ce kafireton, wato abin da ke haɗa mai da iska ya ba inji, ya mutu a sayi sabo. Na ce masa toh zan dawo, har yau ban koma ba.

Ran Asabar na shimfiɗa buhu a tsakar gida na rufe makunnin mai, na kwance kafireton na cire kofin ƙasa. Abin fa ba wani tsafi a ciki, kamar tankin ruwan banɗaki ne: mai na shigowa kofin, fulot na tasowa sama, in ya kai inda aka tsara sai ya tura wata 'yar allura ta toshe hanyar. In man ya wuce ƙa'ida inji ya sha ya ƙware, sauran ya bi tiyo ya zube. In ya yi ƙasa kuma inji ya yi ta kishi. Fulot ɗin naka na tagulla ne irin na da, akwai wani ɗan harshe na ƙarfe a tsakiya da ke danna allurar, shi ake lanƙwasawa. Na zamanin nan yawanci roba ne, wasu ma ba su da abin lanƙwasawa sai dai ka canja.

Ni kuma da gaggawa ta, ina ganin harshen nan na sa sukundireba na danna shi son raina. Na mayar na ɗaure, yoyo ya tsaya cak, har ina yi wa kaina kirari. Washegari na hau zan je Wudil, a cikin gari lafiya lau, amma ina hawa babban titi na murɗa sai ya fara shaƙewa yana ja da baya kamar an riƙe shi, in na sassauta hannu ya dawo daidai. Kafin Gano sau uku yana mutuwa. Na kwance fulogi a bakin hanya, wanda da yake baƙi yanzu ya koma fari fat, inji ya ɗau zafi ba a magana. Ashe na rage man ne fiye da kima, garin gyaran gira na kusa rasa ido, don mai in ya yi kaɗan haka fistin ake ƙonawa.

Wani dattijo mai faci a wajen ne ya yi min dariya, ya ce yaro ka ga inda man ya tsaya kafin ka taɓa? Na ce ta ina zan gani ƙarfe ne. Sai ya ɗauko siririn tiyo fari wanda ake hango ciki, ya cusa a bakin magudanar kofin, ya lanƙwaso shi sama ya jingina da jikin kafireton, ya sa na miƙar da mashin ɗin a kan babban jak, sannan ya sassauta sukurun ƙasa ya buɗe mai. Wlh sai ga fetur ya hau tiyon ya tsaya daidai inda yake a cikin kofin. Ya ce kamata ya yi ya zo dab da layin gaskit, wato inda kofin ya haɗu da jikin kafireton, ɗan ƙasa kaɗan. Nawa ya yi ƙasa sosai.

Da muka buɗe, dattijon ya fara da girgiza fulot ɗin a kunnensa, wai in ya huje za ka ji mai na motsi a ciki, kuma hujajjen fulot nutsewa yake ko me ka lanƙwasa. Lafiyarsa ƙalau. Ya zaro allurar ya nuna min a rana, bakin robar ya ci ya yi zobe, ga kuma wani jan gari a mazauninta, tsatsar tanki ce. Tun farko ita ce ke hana ta rufewa, harshen nan bai yi laifin komai ba.

Aunawar ma akwai dabara. Ba a kifa kafireton gaba ɗaya, don a bayan allurar akwai ɗan tsinke mai sifirin, nauyin fulot zai danne shi awon ya yi ƙarya. Karkata shi ake yi har harshen ya taɓa tsinken kawai. Kuma abin da ya rikita ni, in fulot ya ƙara nisa da jikin kafireton toh man raguwa yake, ba ƙaruwa ba. Lanƙwasar kanta kamar kaurin farce ce, milimita ɗaya ma aiki ne, sau uku muna buɗewa muna rufewa kafin ya zauna.

Na sa sabuwar allura, na wanke tankin, na ɗaura masa ƙaramar filta a tiyon mai. Yanzu kik ɗaya yake tashi, fulogi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kalar shayi da madara. Duk da haka kullum da dare sai na rufe makunnin mai, uwargida ba ta yarda da ni ba tukuna.

Saura tayar baya, ta suɗe sosai, in ka amince in canja sai mu yi lissafi in ka zo da sallah. Kar ka manta da goron da ka yi wa Hajiya alkawari, kullum sai ta tambaya.

Ka gaida madam da yara.

Naka,
abokinka na zaure