Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Hafsan Sojin Sama Kan Tumbin Matuƙa Jiragen Yaƙi

Ranka ya daɗe,

Muna gaisuwa. Mu likitoci ne masu duba lafiyar matuƙa jiragen sama, kuma magana ɗaya ce ta kawo mu. Duk horon da ake yi kan nauyin G, wato ninkin nauyin da jiki ke ji idan jirgi ya yi kwana da gudu, ya karkata ne ga ido da ƙwaƙwalwa, an bar ciki a baya, alhali daga cikin ne matsalar take somawa.

Idan jirgi irin F-16 ya yi kwana mai tsanani, nauyin da ke danna matuƙi daga kai zuwa ƙafa yakan kai G 9, wato komai na jikinsa ya ninka nauyi sau tara. Abincin rabin kilo da ke tumbinsa sai ya koma kilo 4.5. Tumbi da hanta da hanji su rinjayo ƙasa, su jawo tantanin da ya raba ƙirji da ciki, zuciya ma ta biyo su. Tazarar zuciya da ido kusan santimita 30 ce, kuma kowane G ɗaya yana zaftare kimanin maki 22 daga ƙarfin bugun jinin da ke isa ido. Zuciya na sauka tazarar na ƙaruwa. Jini kuma ya taru a jijiyoyin ciki da ƙafafu ya ƙi komawa sama. Wanda ya saki jiki yakan fara ganin dishi-dishi a wajen G 4, suma na biye.

Don ceton ƙwaƙwalwa, jiki kan tsuke jijiyoyin da ke kai jini tumbi da hanji. Fatar cikin tumbi kuwa da jinin nan take kare kanta daga ruwan tsamin da ke narka abinci. A tsuke, a saki, a sake tsukewa, sau da yawa a tashi ɗaya: gwajin da aka yi wa ɓeraye a na'urar majajjawa, mai juyi da gudu don haifar da nauyin G, ya nuna hakan na raunata fatar. Lafiyayyen tumbi yakan murmure. Wanda muke jiye wa shi ne mai H. pylori, ƙwayar cutar da ke zama a tumbi, ko mai shan ibuprofen da diclofenac kullum saboda ciwon wuyan da G ɗin ke haddasawa. Irin waɗannan magunguna na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo gyambon ciki, kuma matuƙa na shan su ba tare da sanin likita ba.

Ita kanta kariyar tana matsa wa tumbi. Rigar G, wadda asalinta ya koma aikin Wilbur Franks a Toronto da na Earl Wood a asibitin Mayo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tana da jakunkunan iska biyar: biyu a sha-raɓa, biyu a cinya, ɗaya a ciki. Tana fara kumbura a wajen G 2, tana ƙara wa matuƙi juriyar G 1 zuwa 1.5. Sauran sai yunƙuri: ya ɗaure tsokar ƙafa da ɗuwawu da ciki, ya riƙe numfashi a maƙogwaro, ya sauya shi cikin gaggawa duk daƙiƙa uku. Jaka na matsawa daga waje, tsoka na matsawa daga ciki, abin da ke tumbi ba shi da hanya sai sama. Ƙwannafi ke nan, wani lokaci har amai cikin takunkumin iska. Ga iskar ciki kuma: a tsayin ƙafa 18,000 girmanta kan ninka biyu, ɗakin matuƙin jirgin yaƙi kuwa ba ya riƙe matsin iska kamar na fasinja.

Abin da muke roƙo bai kai kuɗin taya ɗaya ba, Yallaɓai. A tsara jadawalin tashi yadda matuƙi zai ci abinci matsakaici, marar maiƙo da yawa, awa ɗaya zuwa biyu kafin ya hau. Tashi da yunwa na rage juriya, cika ciki dam kuma na janye jini zuwa hanji. Lemo mai gas da cingam a ajiye su sai an sauka. A sa ido kan ruwa, domin rasa kashi 3 cikin ɗari na nauyin jiki ta gumi na iya rage tsawon juriya da kusan rabi, kuma wasu da gangan suke ƙin sha don gudun fitsari a sama. A ba su jakar fitsari mai aiki, su sha.

Rigar G a gwada ta a zaune, kamar yadda za a sa ta a jirgi. Jakar ciki ta zauna ƙasa da haƙarƙari, kada ta hau su. A sake ɗaure igiyoyinta duk lokacin da nauyin mutum ya sauya, a duba tiyo da bawul kafin kowane tashi.

Mai yawan ƙwannafi ko ciwon saman ciki a yi masa gwajin H. pylori ta numfashi ko bayan gida, bayan ya dakatar da magungunan rage ruwan tsamin ciki irin su omeprazole na mako biyu, in ba haka ba gwajin zai iya ɓoye ƙwayar. Magani kwana 14 ne, a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu. Bayan gida baƙi kamar kwalta alamar zubar jini ce, mai shi ba ya tashi ranar.

Duk wannan ba zai yi aiki ba muddin matuƙi na tsoron cewa faɗa wa likita yana ƙwannafi zai sa a sauke shi daga jirgi. Muna roƙon a fitar da umarni a rubuce: wane ciwon ciki ne ke hana tashi, na tsawon wane lokaci, da sharuɗɗan komawa bakin aiki, a kuma karanta shi a gaban kowace runduna.

Allah ya ƙara girma.

Naka,
Likitocin lafiyar matuƙa jiragen sama