Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Siri Lanka, Anura Kumara Dissanayake

Mai girma Shugaban Ƙasa,

Gaisuwa da fatan alheri daga Najeriya. Na daɗe ina bibiyar siyasarku, domin kusan tare muka juya wa tsarin majalisa irin na Ingila baya: ku a 1978, da J. R. Jayewardene ya kawo kundin tsarin mulkin da ya tattara iko a hannun shugaban ƙasa, mu kuma a 1979.

Alƙawari zan tuna maka, ranka ya daɗe. A yaƙin neman zaɓen 2024 ka ce za ka soke kujerar shugaba mai cikakken iko. Ba a bakinka mutanenka suka fara jin wannan magana ba. Chandrika Kumaratunga ta faɗa a 1994, ta hau, ta shekara 11 a kai. Maithripala Sirisena ma da ita ya ci zaɓe a 2015.

Dubi yadda aka mayar da kundin nan riga, kowa ya zo ya yanka daidai jikinsa. A 2010 Mahinda Rajapaksa ya cire iyakar wa'adi biyu da gyara na 18 (mu nan tazarce muke ce wa wannan, kuma majalisar dattawanmu ta taka masa birki a 2006). Gyara na 19 ya maido da iyakar a 2015, ya rage ikon shugaba. Da Gotabaya, ƙanin Mahinda, ya hau, gyara na 20 ya maido masa da ikon a 2020. Shekara na zagayowa ya haramta shigo da takin zamani, babu mai iya ce masa kul, noman shinkafa da ganyen shayi ya karye. A 2022 ƙasar ta kasa biyan bashi, jama'a suka mamaye fadarsa, ya gudu a watan Yuli. Kai ganau ne.

Na san masu cewa kai na kirki ne, a bar maka ikon ka gyara ƙasa. Ban yarda ba. Kujerar za ta daɗe bayanka, kuma ba kai za ka zaɓi mai hawanta ba.

Uzurin magabatanka shi ne rashin rinjayen kashi biyu cikin uku a majalisa da gyaran kundi ke buƙata, wato kujera 150. Jam'iyyarku ta NPP ta samu 159 cikin 225 a Nuwamban 2024. Ka kai ƙudurin soke kujerar majalisa tun kana da wannan rinjaye, ka sa ranar ƙuri'ar raba gardama.

Naka,
Wani mai bibiya daga Kano