A riƙa karanta takardar dubawa a bayyane a ɗakin tiyata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wata takarda da na ga ana yi mata riƙon sakainar kashi a ɗakunan tiyatarmu, alhali tana iya zama sanadin tsirar rai.

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da ma'aikatan tiyata za su tabbatar da su a matakai uku: kafin a sa wa majiyyaci maganin barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kuma kafin a fitar da shi daga ɗakin. Tambayoyin ba su da wuya. Shin wannan ne mutumin da za a yi wa aiki, an sa alama a gefen da za a yanka, akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, kuma auduga da allura da almakashi sun cika bayan an gama? Da aka gwada ta a asibitoci 8, daga Landan da Toronto har Ifakara ta Tanzaniya, mutuwar majiyyata ta ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari.

Sai dai wani bincike na 2014 a asibitoci 101 na lardin Ontario a Kanada, inda hukuma ta tilasta amfani da ita, bai ga wani raguwa na a zo a gani ba. Ni wannan bai ba ni mamaki ba, domin a shekarun da na yi ina aikin jinya na sha ganin ana cike takardar a tsaye a bakin ƙofa bayan an riga an ɗinke ciki, don kawai a sa ta cikin fayil.

Babbar matsalarmu ita ce nauyin baki. An raine mu a kan cewa ƙarami ba ya katse babba, tarbiyya ce mai kyau, amma a gaban buɗaɗɗen ciki tana iya kashe mutum. Na taɓa ganin wata sabuwar ma'aikaciya ta ƙirga auduga ta ga saura ɗaya, ta yi ta juya maganar a ranta har likita ya ɗauki zare, sannan ta faɗa mini a kunne. Aka duba, aka same ta a cikin matar. Shi ya sa takardar ta tanadi kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara, saboda wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya ya fi iya sake buɗewa.

Ina kira ga shugabannin asibitoci da kwamishinonin lafiya su wajabta karanta ta da murya, babban likita ya tsaya da kansa ya saurara, kuma a rubuta cewa duk ma'aikacin da ya tsayar da aiki saboda lissafi bai cika ba, babu mai tsangwamarsa.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya, Kano